Aski Muka Yi Musu

Bara mun sare su da zarto,
ni da ƙanena Leandro, kwana tara cur,
muka koma gida muna taƙama.
Da bazara ta zagayo na leƙo filin,
kowane kututture ya haifi 'ya'ya goma,
kore shar, da ƙaya mai tsawon yatsa.
Ashe aski muka yi musu.

Eka huɗu ne, a kudancin Texas, bayan layin dogo.
Tun da Baba ya sayar da saniyar ƙarshe
babu mai shiga sai zomo
da macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya.
Mai saye ya ce fetal yake so,
asibiti kuma ba ya jiran damina.

Tsoho Rutilio ya zo da tarakta
wadda ta girme ni, tana tari irin nasa.
Ya durƙusa gindin meskit ɗaya, ya tona da wuƙa,
ya nuna mini wani ƙullutu,
taƙi guda a ƙarƙashin ƙasa.
"Nan idonta yake, Ofelia.
In ba a ƙwaƙule wannan ba,
kin biya ni kuɗin shan iska."

Aka ɗaura sarƙa.
Inji ya yi gurnani, ƙasa ta yi nishi,
sai wani ƙas! daga can ciki,
kamar an ɓalle wa duniya haƙori.

Na ɗauka saiwa abu ce mai iyaka.
Muka bi ɗaya da diga har ramin ya kai mini ƙugu,
har ya kai wa Leandro ƙirji,
tana nan, kaurin damtse, ta miƙe tsaye
tana bin ruwan da rijiyarmu ta kasa cimma.
Rutilio ya tofar da yawu.
"Yanke ta nan. Sauran na Allah ne."

Ranar Laraba zarto ya yi tartsatsi.
Muka tsaga itacen: waya ce a ciki,
wayar shingen da Baba ya ja
shekarar da aka haifi Leandro.
Itace ya haɗiye ta, ya rufe bakinsa,
ya ci gaba da girma bai gaya wa kowa ba.
Ƙanena ya juya baya,
wai ƙaiƙayin katako ne ya faɗa masa ido.

Ina zagin bishiyoyin ƙasa-ƙasa,
tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
"Wa kike zato ya shuka su?
Shanun ubanki ne. Su ci 'ya'yan, su zaga,
su ajiye iri a cikin takinsa.
Duk inda kika ga itace,
nan wata saniya ta taɓa tsayawa."
Sai na daina ƙirga kututture.
Na ga Jar nan, na ga mai karyayyen ƙaho,
garke guda tsaye cikin rana,
mu kuma muna tumɓuke su ɗaya-ɗaya.

Asabar da yamma babu inuwar da kare zai fake.
Ƙasa a birkice, ramuka kamar dasashi.
Tsuntsaye suka zo, suka kewaya sau biyu,
suka wuce.

Na kai wa Inna guntun saiwa ɗaya,
ja a ciki kamar hanta, nauyi kamar dutse.
Idonta ya daɗe da dushewa.
Ban ce komai ba, na sa a murhu, na ɗora nama.
Da hayaƙin ya iske ta a kujera
ta ɗaga hanci, ta yi jim.
"Kun je filin," ta ce.
"Kun rufe ƙofar shingen kuwa?
Ubanku ba ya son a bar ta a buɗe."